Ɗan Tayin da Ya Rage

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da mutanen gidanku na Aliero. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku a hanya, ya sauke ku Abuja cikin aminci.

Jiya da kika zo sallama kin zauna bakin gadona har la'asar, ban yi miki zancen komai ba sai na yaji da daddawa. Kin san halina. Ke ce 'yar fari, ga shi sunan kakarki, uwar babanki, aka sa miki, don haka bakina bai saba da ke ba tun kina goye. Matan Islamiyya babu abin da ban iya karanta musu ba, har babin haila da wanka, amma in na dube ki sai magana ta maƙale. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan sa takardar cikin ƙullin dambun naman da zan aiko miki.

Da so samu ne, da ni za a yi wannan tafiya ta dashen ɗan tayi kamar na baya. To kin ga babanki, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Ki yi haƙuri. Na gode wa Allah da ya sa na raka ki sauran tafiye-tafiyen, domin a can na san sunan abin da ya wahalar da ni tun kafin a haife ki.

Ranar da likitarki ta juyo mana da allon hoton ciki ta nuna mana ƙananan ƙulle-ƙullen da suka jeru a gidan ƙwanki, ta ce sunan lalurar PCOS, ta tambaye ki ko al'ada tana yi miki nisa, ko gashi na fito miki a haɓa, ko wuyanki ya yi duhu, kina amsawa ni kuma ina amsawa a zuciyata. Duk ina da su. Tun ina amarya, da aka kawo ni Jega daga Karaye ta ƙasar Maiyama, nake ɓuya bayan ɗaki ina tsige gashin haɓata. A lokacina abin ba shi da suna. Wasu su ce sanyi, wasu su ce iska, wasu su ce an yi mini ne. Da matar nan ta faɗi sunansa, ta ce yana bin jini a wasu gidaje kuma ba laifin kowa ba ne, sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Har yau ina sa ta a addu'a.

Bari in ba ki labarin cikin da ban yi ba.

Ina da 'yan shekaru a gidan babanki al'ada ta ɗauke mini, wata ya bi wata. Jikina ya yi nauyi, ƙirjina ya cika, ko ƙamshin tuya na ji sai zuciyata ta tashi. Ban je an duba ni ba. Na gaya wa babanki, na gaya wa kakarki, na aika Karaye. Kafin sati ya zagayo unguwa duk ta ji. Kakarki ta sa aka fara tara itacen wankan jego a bayan ɗakinta, ta sayi zannuwan goyo ta ninke a kwalla. Ina can ganin gida a Karaye jini ya ɓalle mini. Aka ɗora ni a babur zuwa asibitin Maiyama ina kuka ina cewa ɓari nake yi. Ungozomar da ta duba ni ta daɗe tana latsa marata, sannan ta rage murya ta ce, “'Yar'uwa, babu ciki. Ba zubewa ya yi ba, tun farko ba a yi shi ba.”

Dawowata Jega ta fi jinin ciwo. Na shiga gida kaina a sunkuye, abin da na fara gani shi ne tulin itacen nan. Kakarki ta riƙe hannuna ta kai ni ɗakinta, ta dama fura ta miƙo mini. Ta ce, “Sha. Ba ke kika ɗora ma kanki wanga abu ba.” Duk wadda ta shigo jaje, ita take tare ta a tsakar gida ta ce Allah bai nufa ba, ba ta ƙara ko kalma ɗaya. Itacen kuwa ta riƙa zarar sa kaɗan-kaɗan tana girki, har na wayi gari wata rana na ga wurin a share. Ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Allah ya haskaka kabarinta.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, jiki irin namu yana iya nuna alamar abin da babu. Ke kuma ga magungunan da za a ba ki, kin riga kin san suna cika ƙirji, suna kawo kasala da tashin zuciya. Bayan an mayar miki da ɗan tayin, kada ki zauna kina sauraron jikinki kina fassara shi. In kin ji alama kada ki yi murna, in ba ki ji ba kada ki yanke ƙauna. Ki jira gwajin jinin da likita ta ce. Kada ki aiki maigidanki kemis ya sayo miki tsinken gwaji kafin lokaci, kin tuna kwanakin da tsinken nan ya hana ki cin abinci a karon baya. Kuma ki taƙaita waɗanda za su san ranar. Mutane ba mugaye ba ne, amma duk wanda kika gaya wa sai kin koma kin ba shi amsa.

Bayan wannan abin ne na shiga neman magani ido rufe. Akwai mai magani da ke zuwa kasuwar Jega da lasifika a kan mota, yana lissafa cututtukan mata kamar ya leƙa ɗakina. Na aika aka sayo mini jiƙonsa. Wata maƙwabciya ta kawo sassaƙe, wata ta kawo gari a sha da nono, na haɗa duka. A daidai lokacin babanki ya kai ni wurin wani likita a Birnin Kebbi, ya ba ni ƙwayoyi ya ce in sha a wasu ranaku na musamman bayan al'ada ta zo. Ya tambaye ni ko ina shan wani abu, na ce a'a, don kada ya yi mini faɗa. Ƙwayoyin kuwa in na tuna in sha, in baƙi sun zo in manta. Gudawa ta kama ni har na yanke jiki na faɗi ina tsaka da dakan nama. Da na farfaɗo na zubar da komai, har da na likitan, ban sake komawa wurinsa ba. Ban sani ba ko da sun yi mini aiki. Ban ba su dama ba.

Ke taki ta fi tawa tsanani a wajen lokaci. Gwajin da aka yi wa mahaifarki, wanda zan dawo kansa, a kan shan magani a ƙa'ida aka gina shi. In an ce ki fara na matsi a sa'a kaza, to sa'ar ce, ba bayan kin gama waya ba, ba bayan kin idar da girki ba. Ki sa wayarki ta riƙa tashin ki, ki sa ta maigidanki ma. In kin makara ko kin manta, ki kira asibitin ki faɗi gaskiya, kada ki rufe kamar yadda na yi. Kuma na san gwaggonninki sun ba ki ƙulle-ƙulle jiya, na ga kina turawa cikin jaka. Ƙauna ce ta sa su. Ki yi musu godiya, amma kada wani abu ya shiga bakinki sai likitarki ta gan shi. Addu'a da ruwan zamzam kuwa, ki yawaita.

Ko a kanki ma sai da gaggawata ta so ta yi aiki. Kin tuna yadda aka faro. Da aka yi miki allurai aka ɗebi ƙwai, cikinki ya kumbura har numfashi yana yi miki wuya, likita ta ce masu lalurarki sun fi kowa fuskantar haka, don haka ba za a mayar miki da komai ba sai jikinki ya huce. Aka haɗa ƙwan da na maigidanki, waɗanda suka yi kyau aka daskarar da su aka ajiye. Aka dasa na farko bai kama ba. Aka dasa na biyu, shi ma haka. Guda ya rage.

Da muka koma ofishin likita, ni ce na yi karambani. Na ce, “Likita, ku mayar mata da na ƙarshen mana tun da muna nan. Mi za a jira?”

Ba ta ji haushina ba. Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni ta ce, “Hajiya, mahaifa ba kullum take karɓar ɗan tayi ba. Akwai ɗan lokaci ƙanƙani da bangonta yake a shirye. Yawancin mata lokacinsu kusan ɗaya ne, shi muke bi. Amma akwai wadda nata yake riga, akwai wadda nata yake makara. Akwai gwajin da ake yi. Za mu ba ta magani kamar za a yi dashen, amma ranar da ya kamata a dasa sai mu tsinko ɗan nama kaɗan daga bangon mahaifar, mu aika a auna a ga ko ta shirya a ranar.”

Na ce, “To in an auna, cikin zai zauna?”

Ta ce, “Ban ce ba. Mu kanmu likitoci ba mu gama yarda da juna a kan amfanin gwajin nan ba. Wasu suna ganin yana taimakawa, wasu suna ganin ba ya canza komai. Ba kowa nake kawo wa zancensa ba. Na kawo ne don an dasa masu kyau ba su kama ba, kuma ɗaya ya rage. Zai ja muku lokaci. In ta ce ba ta so, ba ta yi kuskure ba.”

Ni dai lokacin kawai na ji. Na fara lissafa miki nisan hanya da azumi da ke tafe. Sai kika ɗago kai kika ce, “Inna, tun da guda ya rage, ba ni son in yi sauri da shi. In bai kama ba, ina son in san ban bar wata ƙofa ba.” Ban taɓa jin kin yanke magana a gabana haka ba. Na ji daɗi a raina, ko da yake ban nuna miki ba.

Ranar tsinko naman kin matse hannuna har zobena ya shiga fata, amma ba ki yi ƙara ba. Muka dawo gida muka yi ta jira. Da sakamako ya fito aka ce mahaifarki tana ɗan makara, sai an ƙara miki lokaci a kan maganin kafin a dasa. Kin kira ni kina dariya kina kuka kina cewa ashe da dalili. Na taya ki murna. Amma ina so in tuna miki maganar matar nan, domin na ga kin fara riƙe sakamakon kamar alkawari. Ita ba ta yi miki alkawari ba, kuma wannan gaskiyar tata ce ta sa na yarda da ita. Mai lasifikar kasuwa shi ne ya yi mini alkawari. Mai yiwuwa makarar ce ta hana na baya, mai yiwuwa ba ita ba ce. Kin yi abin da ke hannunki. Sauran ba a hannun likita yake ba, ba a hannunki ba.

Kuma ki riƙa tambaya. Ni da likitan Birnin Kebbi ya yi mini bayani, kai kawai na riƙa gyaɗawa, na fito ban fahimci rabinsa ba. In ba ki gane ba ki ce a maimaita. In sun zarce da Turanci ki ce su dawo Hausa. Jikinki ne.

Sai zancen maigidanki, wanda ya fi kowane yi mini nauyi a baki.

A shekarun da nake jira na ɗauka ni kaɗai ke jira. Babanki kin san sana'arsu ta gado. Duk sunan da za a yi a unguwa, shi ake kira fiɗar rago. Ya tafi da sassafe da wuƙaƙensa, ya dawo da kason nama ya ajiye mini, ya wanke hannu ya fita kasuwa. Ni kuwa in dubi naman in ji kamar da gayya ya kawo. Wata safiya ya dawo daga sunan wani abokinsa da aka yi wa aure bayanmu da daɗewa. Na ture kwanon na ce, “Kai ba abin da ya dame ka. Kana ta yawon sunan mutane.”

Ya tsaya da buta a hannu. Ya ce, “Duk gidan da na shiga, ina tsugune kan rago ana dafa kafaɗata ana cewa saura naka. In yi dariya in ce amin. In dawo gida in iske kin juya ma bango. Wa zan gaya ma?”

Na jawo kwanon da na ture. Ranar muka ci naman tare, kuma daga ranar nauyin ya ragu, ko da yake haihuwar ba ta zo ba sai bayan shekaru.

Ba ki sani ba, bayan dashe na biyu maigidanki ya zo Jega shi kaɗai, a ranar da ya kamata yana wurin lodin albasa. Ya gaida babanki, sannan ya durƙusa bakin ƙofata, bai yarda ya hau tabarma ba. Na kawo masa ruwa bai sha ba. Can ya ce, “Inna, in na yi magana ta yi kuka, in na yi shiru ta ce ban damu ba. Ki gaya mani yadda zan yi.” Idonsa ya yi ja. Na ce masa ya koma ya zauna kusa da ke ko bai ce komai ba. Yaron nan shi ma an tsaya a kansa an yi masa gwaje-gwajen da maza da yawa ba sa yarda a yi musu, bai taɓa ɗaga murya ba. Ɗan tayin da ke ajiye a can nasa ne kamar yadda yake naki. Ki tambaye shi yadda yake ji. In ranar sakamako ta zo, ku ji shi tare, kada ki karɓi waya ki shige ɗaki ki kulle. Ki gode masa da baki, kada ki bar shi ya yi ta hasashe. Ni ma ki isar masa da godiyata, don ba zan iya faɗa masa ido da ido ba.

Akwai kuma abin da na yi asara wanda ba ya dawowa. Na daina zuwa suna, na daina zuwa barka. Ƙanwata ta haihu a Fagada ban je ba, na ce zazzaɓi nake. Ta yafe mini tuntuni, amma ɗan nata ya girma yana yi mini kallon baƙuwa. Na dakatar da rayuwata ina cewa sai na haihu zan yi kaza, sai na haihu zan koma karatu. Da na ji kin rufe shagon ɗinkinki kin sallami 'yan matan da kike koya wa, sai na gane hanyar da na bi ce. Ki tafi da ɗan aikin hannu Abuja, ko kwalliyar wuyan riga ce, kada ki kwanta kina kallon silin. Likita ta ce ba a buƙatar ki kwanta kamar marar lafiya, ki ɗan taka, ki ci abin da ta tsara miki, ki rage zaƙi. In kun dawo, ko mene ne sakamakon, ki buɗe shagon. 'Yan matan nan suna tambayarki.

Yadda na same ki kuwa, har yau ban san abin da ya sauya ba. Na riga na daina shan komai. Al'ada ta ɗauke kamar yadda ta saba, ban kula ba, ban gaya wa kowa ba. Ina zaune ina tsinke zogale na ji abu ya motsa a marata. Na ce iska ce. Ya sake. Na ajiye faranti na je asibiti ni kaɗai, ko babanki bai sani ba. Da aka ce mini ciki ne har ya yi ƙwari, na ce wa ma'aikaciyar ta sake dubawa, na taɓa yin irin wannan. Ta kama hannuna ta ɗora a inda kike harbawa. Ba na ba ki wannan labari don in ce ke ma ki zauna ki jira ba. Ke Allah ya kawo ki zamanin da ake ganin abin da ke cikin mahaifa, ya haɗa ki da miji mai tsayawa da likita mai gaskiya. Wannan ma arziki ne, ki gode masa tun kafin ki ji sakamako.

Ummi, ga magana ta ƙarshe. Kwanakin baya kin ce mini kina jin kunyar babanki, wai zai tafi bai ga jika daga gare ki ba. Kada in sake jin wannan. Duk shekarun da na yi ina kai goshina ƙasa, ban taɓa roƙon Allah ya ba ni wadda za ta haifa mini jika ba. Ɗiya na roƙa, kuma ya ba ni. Addu'ata an riga an amsa ta tun ranar da aka miƙo mini ke a zane. In ya ƙara mana da abin da ke ajiye a Abuja, alhamdu lillahi. In bai ƙara ba, ki shigo gidan nan da kanki a ɗage, ba abin da kika rage mana.

Ku kama hanya da safe, kada ku bari dare ya same ku tsakanin Yawuri da Kontagora. In kun sauka ki kira, ko sallama kawai ki yi in ji muryarki. Allah ya kiyaye gabanku da bayanku, ya sa hannun likita ya zama sanadin alheri, ya ba mahaifarki ikon riƙe abin da za a ba ta amana, ya ba zuciyarki ikon ɗaukar abin da ya hukunta. Ya dawo mana da ku lafiya. Babanki yana sa miki albarka, ni ma na sa miki, duniya da lahira.

Wassalam.

Innarki,
daga Jega.